Maryam Uwar Daje: 'Yar Shehu da ta ga zamanin Sarkin Musulmi goma

Duk lokacin da aka ambaci 'ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mata, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne na Nana Asma'u. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da dama a Arewa na ɗauke da sunanta, kuma ta cancanci haka. Sai dai Nana Asma'u tana da ƙanwa wadda ba a cika jin labarinta ba, alhali ita ce ta ɗauki nauyin da yayar tata ta sauke, ta riƙe shi fiye da shekara ashirin. Wannan ƙanwa ita ce Maryam, wadda aka fi sani da Uwar Daje.

An haifi Maryam wajen shekarar 1810, ta rasu wajen 1890. Ke nan Allah Ya ba ta kimanin shekara 80 a duniya, a zamanin da yaƙi da yunwa da annoba ba su cika barin mutum ya ga furfurarsa ba. Ta buɗe ido mahaifinta na jagorantar jama'a, ta rufe shi tattaɓa-kunnensa na kan gadon sarauta. Tsawon ran nan bai tashi a banza ba, domin a ƙarshen rayuwarta ita ce aka koma wa da tambaya a ranar da hankalin daula ya tashi.

Asalin gidansu

Gidan su Maryam na Fulani Toronkawa ne. Kakansu na nesa, Musa Jakollo, ya taso ne daga Futa Toro, a ƙasar Senegal ta yau, ya sauka da jama'arsa a yankin Ƙonni. Zuriyarsa ta shahara da karatu da karantarwa tun kafin a haifi Shehu a Maratta a shekarar 1754. Sunan Fodiyo da mahaifin Shehu, Malam Muhammadu, ya shahara da shi, ma'anarsa malami a Fulatanci. A wannan gida ba maza kaɗai ke karatu ba. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, suna cikin matan da ake ambato da ilimi a danginsu.

Ƙasar Zamfara na da babban gurbi a tarihin gidan. A ƙarshen shekarun 1780 Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, ya zauna a wurare irin su Faru, maza da mata na halartar majalisinsa. A wannan rangadi ne wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke zuwa wurin wa'azin. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar masa da amsa a waƙe, kuma ginshiƙin amsar shi ne barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan abin da ake zargi. Daga baya Shehu ya ƙara fito da wannan matsayi a littafinsa Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu cikin duhu. Tun ba a haifi Maryam ba, an riga an yi muhawarar da za ta zama aikin rayuwarta, kuma a ƙasar Zamfara aka yi ta.

Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, da nasarar Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar, da kuma mummunar asarar da aka yi a Tsuntsuwa, jama'ar Shehu sun sake komawa Zamfara. Sun yi watanni a Sabon Gari a 1805 kafin su wuce Gwandu. Zaman bai ƙare da daɗi ba, domin ƙarancin abinci ya jawo saɓani tsakanin mayaƙan jama'a da Zamfarawan da suka karɓe su. A 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, daga nan Shehu ya koma Sifawa, kudu da Sakkwato, ya duƙufa ga karantarwa da rubuce-rubuce.

Tashinta

A zamanin zaman Sifawa aka haifi Maryam. Mahaifiyarta Mariya ƙwarƙwarar Shehu ce, kuma ita ce ta haifi autan Shehu, Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, daga baya ya zama mai riƙe da Kware. Matsayin mahaifiyarsu bai rage wa Maryam da Isa komai ba a gidan. Sun yi karatu tare da sauran 'ya'ya, kuma dukansu biyu sun zama marubuta.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a watan Afrilun 1817. Maryam na da kimanin shekara bakwai a lokacin. Saboda haka mafi yawan tarbiyyarta a hannun yayyenta ta same ta, kuma ba ƙananan malamai ba ne. Akwai Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsu. Akwai Khadija, matar Malam Mustafa, mahaifiyar shahararren malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Akwai Faɗima, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo. Sai kuma Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta girmi Maryam da kimanin shekara 17, matar Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello.

Gida ne da ake magana da harshe uku. Larabci na karatu da wasiƙu, Fulatanci na cikin gida da waƙoƙin wa'azi, Hausa kuma na isar da saƙo ga talakawan da suka fi yawa. Maryam ta tashi da ukun duka. Abin da ba ta riska ba na zamanin Degel da Gudu, ta ji shi daga bakin waɗanda suka taka da ƙafarsu, musamman Asma'u da Giɗaɗo, waɗanda suka tattara labaran Shehu da na Bello suka rubuta.

Daga gidan waziri zuwa Gidan Rumfa

Aurenta na fari a gidan Waziri Giɗaɗo aka yi, da ɗansa Muhammadu Adde, wanda wata matar wazirin ta haifa. Wannan ya ƙara kusanta ta da Asma'u, domin sun zama 'yan gida ɗaya sau biyu. Ta haifi 'ya'ya mata biyu da shi kafin ya rasu.

Aure na biyu ya kai ta nesa da gida. An aurar da ita ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya hau sarauta a 1819 bayan Sarki Sulaimanu. Dabo ya sha fama kafin ya daidaita Kano, domin manyan gidajen Fulani da dama sun yi masa tawaye a farkon mulkinsa, ga kuma Ɗan Tunku a arewacin ƙasar. Shi ma malami ne, marubuci. Auren 'yar Shehu da sarkin birni mafi arziki a daular ba ƙaramin lamari ba ne. Ya ƙulla zumunta tsakanin gidan Shehu da gidan da har yau ke sarautar Kano, ya ƙara kuma ƙarfafa igiyar da ke tsakanin fadar Kano da gidan waziri, wanda shi ke kula da al'amuran Kano a Sakkwato.

Maryam ba ta haihu da Dabo ba. Da ya rasu a 1846 sai ta koma Sakkwato tana 'yar shekara talatin da 'yan kai. Amma komawarta ba ta yanke alaƙarta da Kano ba. 'Ya'yan Dabo uku sun yi sarauta a jere: Usmanu daga 1846 zuwa 1855, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello a farkon shekarun 1880. Dukansu matar ubansu ce, uwa ce a gare su. Kusan shekara 45 duk wanda ke kan gadon Kano ɗanta ne ta wannan fuska, kuma ta zama wadda ake jin maganarta a Sakkwato idan batun Kano ya taso.

Gadon 'yan taru

Lokacin da Maryam ta dawo gida, ta tarar da Asma'u ta kafa tsarin karantar da matan karkara da aka sani da 'yan taru. Matsalar da tsarin ya zo warwarewa a fili take. Yaƙe-yaƙe sun tara dubban mata a ƙauyuka da ribaɗoɗi, da yawansu sababbin shiga Musulunci ko kamammun yaƙi, ba su san hukuncin tsarki da salla ba, kuma bori ne mafakarsu idan ciwo ko damuwa ta same su. Matan aure ba sa iya barin gidajensu su tafi neman karatu a birni.

Dabarar Asma'u ita ce ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana a kowane gari ta naɗa ta jaji. Alamar naɗin ita ce malafa da jan ƙyalle da ake ɗaura mata. Jaji kan jagoranci tsofaffin mata da 'yan matan da ba su isa aure ba, su yi tattaki zuwa Sakkwato da rani, ɗauke da kyautar hatsi da zuma da man shanu da zane. A can su koyi waƙoƙin da aka tsara kan tauhidi da salla da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kyawawan halaye. Kyautar da suka kawo a raba wa mabuƙata. Idan sun koma gida sai su bi ɗaki-ɗaki suna koya wa matan da ke kulle. Su ne kuma ke wankan gawar mata, da kula da marasa lafiya, da sasanta ma'aurata. Ɗan'uwan Maryam, Isa, ya taimaka wa aikin ta hanyar mayar da waƙoƙin Fulatanci zuwa Hausa.

Asma'u ta rasu a 1864. Irin wannan aiki da ya dogara ga mutum ɗaya sau da yawa tare da mai shi ake binne shi. Maryam ce ta hana haka faruwa. Ta karɓi jagorancin 'yan taru, cibiyar aikin ta koma gidan Shehu, inda hubbarensa yake. Ta ci gaba da karɓar jajoji da naɗa sababbi, tana karantarwa, tana kuma rubuta nata waƙoƙin. Komawar aikin hubbare ta ba shi mazauni na dindindin, domin mace ta zo ziyara ta kuma koma da karatu. Shekarun da Maryam ta yi tana riƙe da tsarin sun kai tsawon waɗanda za su sa ya zama al'adar da ba ta buƙatar wanda ya ƙirƙiro ta. Bayan rasuwarta Ta Modi, jikar Shehu, ta gaje ta, kuma aikin ya tsallake zuwan Turawa. Baturiyar nan Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato, ta kuma wallafa tarihin Nana Asma'u a 1989, ta tarar da jajoji na zuwa hubbare a zamaninta, ta zanta da su.

Ranar da aka koma wa tsohuwa

Yayin da Maryam ke karantarwa, sarauta na ta sauya hannu. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya yi mulki zuwa 1842, sai Aliyu Babba zuwa 1859, sai Ahmadu ɗan Atiku zuwa 1866, sai Aliyu Ƙarami na ɗan lokaci. Daga 1867 zuwa 1873 Ahmadu Rufa'i ya riƙe, kuma shi ne ɗan Shehu na cikinsa na ƙarshe da ya zama Sarkin Musulmi. Bayansa 'ya'yan Bello biyu, Abubakar na Raba da Mu'azu, suka biyo, sannan Umaru ɗan Aliyu Babba ya hau a 1881. Idan aka ƙirga daga Shehu zuwa Umaru, shugabanni goma ke nan Maryam ta ga zamaninsu. Ga Umaru, ita goggon mahaifinsa ce. Kusan duk waɗanda suka ga Shehu da idonsu sun riga mu gidan gaskiya.

A daidai wannan lokaci ne aka shiga wani hali na ruɗani. Ƙarni na 13 na Hijira na dab da ƙarewa, shekarar 1300 ta kama a ƙarshen 1882, kuma mutane da yawa na sa ran bayyanar Mahadi. An daɗe da sanin cewa Shehu ya yi maganar wata hijira da jama'arsa za su yi zuwa gabas a ƙarshen zamani. Sai ga labari daga Sudan cewa wani malami, Muhammadu Ahmad, ya bayyana kansa Mahadi a 1881, yana ta samun nasara a kan sojojin Masar, har ya ci Khartum a watan Janairun 1885. A cikin gidan Shehu kansa an sami wanda ya amsa kiran. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, wanda ya kafa sansani a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi wa Mahadin mubaya'a, ya shiga kiran mutane su taso.

Mutane suka fara sayar da abin hannunsu, suna barin gonaki da gidaje, suna nufar gabas, kuma ƙasar Kano na kan hanyarsu. Ga sarakuna, wannan barazana ce ga noma da kasuwanci da tsaro. Amma hana mutum abin da yake ganin umarnin Shehu ne ba abu ne mai sauƙi ba. Ana buƙatar wanda zai faɗi abin da Shehu ya ce da abin da bai ce ba, kuma a yarda da shi.

Maryam ta rubuta wasiƙa da Larabci zuwa ga Sarkin Kano. Wasiƙar na nan, masana tarihi sun nazarce ta. A cikinta ba ta ƙaryata batun hijirar ba. Ta tabbatar da cewa mahaifinta ya ambaci cewa za a tashi daga ƙasar Hausa, har ya siffanta hanyar da za a bi zango-zango zuwa kogin Nilu. Amma ta bayyana cewa bai yanke lokaci ba, kuma ya faɗi alamomin da za su gabaci tashin, irin su fari mai tsanani da fitina mai game ƙasa. Tun da alamomin ba su bayyana ba, masu cewa lokaci ya yi ba su da hujja, kuma bai kamata a bar su suna kwashe mutane ba.

Abin lura a nan shi ne yadda ta riƙe amana ta fuska biyu. Ba ta ɓoye maganar mahaifinta don faranta wa sarakuna ba, ba ta kuma bari a ƙara mata abin da babu don faranta wa masu zumuɗi ba. Tana da shekara saba'in da 'yan kai, ba ta da sarauta, ba ta da runduna. Abin da take da shi shi ne karatu, da kuma kasancewarta 'yar da ta rage wadda ta zauna a gaban Shehu. Sakkwato da Kano ba su bi Mahadin Sudan ba, Hayatu kuma bai sami goyon bayan da ya nema daga gida ba. Daga baya ya haɗa kai da Rabe, ya rasa ransa a Barno a 1898.

Bayan ta kau

Maryam ta rasu wajen 1890, a ƙarshen zamanin Umaru. Ba ta ga abubuwa biyu da suka biyo baya ba. Na farko shi ne Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, tsakanin ɗansa Tukur da 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi, dukansu jikokin mijinta. Na biyu shi ne zuwan Turawan Ingila, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. A lokacin ne Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijirar gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Zuriyarsu na can har yau.

Abin da ya rage mana

Ga mai karatu a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, waɗanda ke ƙarƙashin Sakkwato har zuwa ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, labarin Maryam ba na nesa ba ne. Matsalar da 'yan taru suka fuskanta, wato yadda ilimi zai isa ga macen da ke cikin gida a ƙauye, ba ta kau ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ciki har da 'Yargalma da Dareta da Bagega. Dalilin shi ne ana kawo dutsen zinare cikin gidaje ana daka shi ana niƙawa, ƙurar na zuba inda yara ke rarrafe da wasa. A tsakar gida abin ya faru, inda mata ke wuni, kuma saƙon da zai ceci rai sai da ya shiga har can kafin ya yi amfani. Tsarin da Asma'u ta kafa, Maryam ta raya, an gina shi ne daidai don irin wannan saƙo: mace amintacciya daga cikin gari, wadda ba a yi mata shamaki a kowace ƙofa.

Yau kuma hanyoyin da jajoji za su iya bi sun zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, garuruwa irin su Anka cike suke da waɗanda suka baro ƙauyukansu, kuma sace ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairun 2021 ya sa iyaye da yawa ɗari-ɗari da makaranta. Wasiƙar Maryam ba hujja ba ce ta hana wanda ransa ke cikin haɗari gudu, domin mahaifinta ma ya yi hijira da ta zama dole. Abin da take koyarwa shi ne a lokacin firgici a nemi wanda ya sani, a bambance labari da jita-jita kafin a ɗaura kaya.

Akwai kuma batun tsofaffinmu. Da ba a rubuta wasiƙar Maryam ba, da abin da ta riƙe na shekara saba'in ya bi ta kabari. A kusan kowane gida a ƙasar nan akwai wata kaka ko goggo da ta san daga ina aka taso, wa ya auri wa, wace gona ce ta wa, wace shekara aka yi yunwa. Gudun hijirar da ake yi yanzu na raba irin waɗannan tsofaffi da garuruwansu, da yawa kuma na rasuwa a baƙon wuri ba tare da an tambaye su komai ba. Wayar da ke aljihun ɗan kasuwa ko ma'aikaci ta isa ta naɗi muryar tsohuwar gidansu a zama ɗaya bayan sallar isha'i.

Allah Ya jiƙan Maryam Uwar Daje, Ya gafarta mata da iyayenta da sauran magabatanmu.